Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ake Haɗa Soyayya da Ban Dariya a Littafi Guda?

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a filinmu na wannan mako, an buga ta a nan saboda waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su zama kusa da akwatin rediyo.

Wasiƙu biyu ne suka zo mana a kan magana ɗaya. Ta farko daga wani manomi ce a ƙasar Bichi, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce ya tarar 'yarsa mai shekara 17 ta cika littafin rubutu har uku da labarin wani saurayi da budurwa, ƙawayenta kan taru a ɗakinta da dare tana karanta musu, suna ta ƙyalƙyala dariya. Hankalinsa ya tashi. Yana tambaya, shin abin da ta rubuta da ita ya faru? In ba haka ba, ina ta samo shi? Kuma ya cusa littattafan a murhu ne ko ya ƙyale ta? Ta biyu kuwa daga wani mai sayar da hatsi ce a kasuwar Dawanau. Shi cewa ya yi in ya ɗauko labari a majalisa sai mutane sun riƙe ciki, amma da ya ɗauki biro don ya mai da shi littafi sai abin ya yi lami, kamar miyar da ba gishiri. Yana so ya san yadda marubuta ke yi.

To, Malam na Bichi da kai mutumin Dawanau, amsarku ɗaya ce, don in aka gane yadda ake ƙera irin wannan littafi, mai tsoro zai san abin da ya kamata ya ji wa tsoro, mai son koyo kuma zai san inda zai kama.

Abin ya daɗe

Da fari dai, wannan sana'a ba yau aka fara ta a ƙasar Hausa ba. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da hukumar talifi a Zariya, ya sa gasar ƙagaggun labarai. A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar akwai Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da shi East ɗin, wanda labari ne na saurayin da wani attajiri ya ƙwace wa budurwa da ƙarfin dukiya. Akwai kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda har gobe ake dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta. Kun ga ke nan tun ranar farko ga soyayya a hannun dama, ga raha a hannun hagu. A 1980 Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990 kuma sai abin ya yi ambaliya a Kano, inda samari da matan aure suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, Bilkisu Funtuwa kuma ta yi suna da Allura Cikin Ruwa.

Ina ake samo labarin?

Malam na Bichi, ga amsar tambayarka ta farko. Marubuci ɗan kala ne. Ka san yadda yara ke bin gona bayan an kwashe amfani, su tsinci zangarniya nan, su tsinci kwanson wake can, kafin la'asar sun cika ƙwarya. Haka mai rubutu ke yi da kunnensa da idonsa. Ya ji wata magana a gidan biki, ya ga wani rikici a bakin rijiya, ya ji yadda wata kaka ta tsokani jikarta, ya ga yadda wani ango ya rasa inda zai sa kansa a gaban surukai. Sai ya tara, ya ɗauki hancin wannan ya manna wa fuskar wancan, har mutum ya fito wanda babu shi a duniya amma kowa na ganin kamar ya san shi.

Ba mu ce rayuwar marubuci ba ta shiga rubutunsa ba. Hajiya Balaraba Ramat, ƙanwar marigayi Janar Murtala, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma ta yi karatun manya. Da ta zo rubuta Wa Zai Auri Jahila? sai ta kawo yarinyar da aka raba da makaranta aka ba wani tsoho. Zafin abin ta san shi a jikinta, amma garin da mutanen da yadda labarin ya ƙare duk ƙirar hannunta ne. Saboda haka ganin sunan saurayi a littafin 'yarka bai zama shaidar cewa tana da wani a ɓoye ba. Abin da ya nuna tabbas shi ne tana da kunne.

Katanga

Abu na biyu da marubuci ke nema bayan mutane shi ne katanga. In saurayi ya ga budurwa, ta amince, iyaye suka amince, aka kai kuɗin gaisuwa, aka sa rana, aka ɗaura aure, to wannan alheri ne a gida, amma a takarda ba ya kai shafi biyu. Dole a sa wani abu a tsakaninsu: talauci, ko alkawarin da uba ya yi wa amininsa, ko tsadar lefe, ko wata gaba tsakanin gidaje biyu.

A nan ne hanya ta rabu biyu, kuma ina so ku riƙe wannan don shi ne cibiyar maganar. Katanga ɗaya tana iya haifar da kuka, tana iya haifar da dariya. Ku dubi In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, gidansu kuma sun dage sai mai kuɗi Abdulƙadir, har ta kai ta faɗa rijiya. Wannan katanga daga waje ta zo, ta fi ƙarfin masoyan, shi ya sa mai karatu ke share hawaye. Amma a labarin ban dariya, masoyan ne ke gina katangar da hannunsu, da tubalin halinsu: ƙarya, ko girman kai, ko rowa, ko kunyar da ta wuce kima. Mai karatu na tsaye a gefe yana ganin ƙofa a buɗe, su kuwa suna ta ƙoƙarin haura katanga. Kuma tun farko an ba shi alamar cewa ba wanda zai mutu, ba wanda za a yi wa illar da ba ta gyaruwa, ƙarshen abin buɗar kai ne. Wannan kwanciyar hankali ita ke ba shi damar yin dariya.

Shuka da girbi

Bari mu ƙaga misali a nan take, don mutumin Dawanau ya ga yadda ake ɗora tubali. Mu ce akwai wani saurayi mai sayar da rake, mu sa masa suna Tanko. Ya je zance wurin wata yarinya a ƙauyen da ke gaba, bakinsa ya zame ya ce mata shi dillalin hatsi ne. Ranar da za a je gaisuwar iyaye ba shi da babbar riga, sai ya lallaɓa wurin abokinsa mai wanki da guga, ya ari ta wani Alhaji da aka kawo wanki, a kan zai dawo da ita kafin magariba.

Marubucin da ya san aikinsa, tun a babi na biyu ya riga ya nuna mana kawun yarinyar yana faɗa da matarsa saboda garwashin turare ya ƙona masa hannun riga, ta ce a kai wanki ko tabon zai ragu. Ya faɗi wannan a wuce, kamar ba komai, ya ci gaba da labari. Wannan ita ce shuka. Sai a babi na shida Tanko ya shiga zaure ya durƙusa, ashe kawun nan ne waliyyi. Kawu ya dubi hannun riga, ya dubi Tanko, ya ce, "Samari, wannan riga ta karɓe ka. Ina ka ɗinka ta?" Tanko ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, gado na yi." Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya jiƙan mai ita." Wannan shi ne girbi.

Ku lura, ba wanda ya faɗi wata kalmar barkwanci a zauren nan. Kowa da gaske yake. Dariyar ta fito ne daga abin da mai karatu ya sani wanda Tanko bai sani ba. Da an cire faɗan turaren nan na babi na biyu, da zancen zaure ya zama gaisuwa kawai. Shi ya sa marubuta da yawa kan fara sanin inda labari zai ƙare, sa'an nan su komo baya suna binne iri a inda ya dace. Manomi ba ya zuwa girbi a gonar da bai shuka ba.

Kuma a lura, bayan an gama dariya akwai abin da ya saura a zuciya. Me ya sa Tanko ya yi ƙarya? Saboda ya san an fi kallon riga a kan mai riga. Labarin da ya yi kyau zai kai shi inda zai tsaya gaban yarinyar da 'yar sharar da yake sayar da rake, ya faɗi gaskiya, a ga ko za ta zauna. In babu wannan, littafi ya zama wasan yara.

'Yan rakiya

Saurayi da budurwa su kaɗai ba sa ɗaukar littafi, don masoya in an bar su sai kalamai masu zaƙi, zaƙi kuwa in ya yi yawa yana ginsa. Sai an kawo 'yan rakiya. Akwai ƙanen budurwa da ake aike, wanda ba ya kai saƙo sai an ba shi na alewa, wata rana kuma ya kai wa yayarta. Akwai abokin ango mai ba da shawarar da kullum ke jefa su rami. Akwai dillaliya mai shiga gida-gida, ta kai kaya ta kwaso zance.

A nan Bahaushe ya yi sa'a, don al'adarmu ta riga ta tanadi waɗanda aka yarda su faɗi abin da wani ba ya iya faɗa. Kaka na iya kiran jikanta mijinta, ta kushe budurwarsa a matsayin kishiya, a yi dariya. Taubasai na iya yi wa juna tsiya a bainar jama'a. Ga wasan Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa, da na Katsinawa da Nufawa. A ɗaya gefen kuma ga kunya: suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Marubuci kan ɗauki mai izinin magana ya zaunar da shi kusa da wanda kunya ta ɗaure wa baki. Yarinya ba za ta iya ce wa ubanta ba ta son wanda ya zaɓa ba, amma kakarta na iya faɗa masa cikin wasa, kuma ya ji.

Me ya sa labarin majalisa ke mutuwa a takarda?

Mutumin Dawanau, ga taka. A majalisa ba bakinka kaɗai ke ba da labari ba. Fuskarka na yi, hannunka na yi, kana sauya murya, kana yin shiru daidai inda ya kamata, kana kuma kallon idon jama'a, in ka ga sun fara gajiya ka taƙaita. Takarda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da zai maye gurbinsu shi ne tsarin magana.

Ka ba kowane mutum bakinsa, yadda ko an rufe sunan za a san wa ke magana. Tsohuwa ba ta magana irin ta ɗan sakandare, Basakkwace ba ya yin irin ta Bakano. Ka rage tsawon zance, don mutane in suna musu ba sa yin lacca. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ka ajiye ta a ƙarshen jimla, kada ka ƙara komai bayanta. Kuma kada ka yi bayanin abin dariya. In ka rubuta cewa nan fa kowa ya fashe da dariya saboda rigar ta kawu ce, ka kashe shi. Daga nan sai ka samu mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin nauyinka, ka karanta musu da ƙarfi. Inda suka yi dariya ka bari. Inda kai kaɗai ka yi, ka soke. Ashe ke nan 'yar Malam na Bichi da ke karanta wa ƙawayenta, gwajin da manyan marubuta ke yi shi take yi.

Wata marubuciya a Ingila

Don ku san wannan hanya ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, bari mu leƙa Ingila, inda aka yi wata mata mai suna Jen Ostin, wadda ake ɗauka uwa ce a wannan fanni. 'Yar limamin coci ce a wani ƙauye. Tana da shekara 20, a 1796, ta fara wani labari, ta gama a 1797, tana karanta wa 'yan gidansu. Mahaifinta bai hana ta ba, shi ne ma ya rubuta wa wani mai buga littattafai a Landan yana tallata shi, aka mayar masa da amsa cewa ba a so, ba tare da an ko duba rubutun ba. Ta ajiye, daga baya ta komo ta gyara, ta datse shi sosai. Sai a 1813 ya fito da sunan Pride and Prejudice, watau girman kai da mummunan zato. Shekara 16 ke nan tsakani. Fam 110 aka biya ta, kuma ko sunanta ba a sa a bangon ba.

Labarin kuwa in an ba ku shi za ku rantse a ƙauyenku aka yi. Wani mutum ne da 'ya'ya mata biyar, ba namiji, kuma bisa ƙa'idar gadon gidan, in ya mutu gida da gona na wani ɗan'uwansa namiji ne. Uwar ba ta da zance dare da rana sai yadda za ta aurar da su. Wani attajiri ya ga ta biyun a wurin taro ya kushe ta, ta kuwa ji da kunnenta. Daga baya son ta ya kama shi, ya zo neman aure, amma wajen neman sai da ya gaya mata cewa gidansu bai kai nasa ba. Ta ce ba ta yi. Kun ga katangar: shi da girman kansa, ita da saurin yanke hukunci. Sai da kowa ya gane aibinsa sa'an nan aka daidaita. Fiye da shekara 200 ke nan ana karanta shi.

Aljihu ma na da baki

Akwai kuma abin da kasuwa ke koya wa marubuci. A shekarun 1990 marubucin Kano kan rubuta a littafin makaranta, ya kai a buga masa a tafireta ko kwamfuta, ya biya maɗaba'a, ya kai wa masu shagunan littattafai. Da yake kuɗin buga labarin gaba ɗaya ba ya samuwa, sai a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Wannan ya tilasta a tsaya a inda rai zai biya, kamar a ce Tanko na durƙushe sai ga mai wanki ya yi sallama yana neman riga. Wasu marubutan kan sa adireshinsu, masu karatu su aiko da wasiƙu, har a buga wasu a littafi na gaba. Yanzu yawancin wannan ciniki ya koma wayar hannu, ana sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta su a gidajen rediyo. Tun 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata don mata masu rubuta gajerun labarai. Kayan aiki sun sauya, amma dabarar tsayawa a inda za a nemi ci gaba tana nan.

Inda gizo ke saƙa

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi cewa tsoron Malam na Bichi yana da tushe. Tun shekarun 1990 malamai da iyaye ke kuka da waɗannan littattafai, har Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, Malam Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu. A 2007 ma an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Akwai na banza a ciki, masu batsa da masu koya wa yara raina iyaye, kuma da abin ya koma waya sai sa ido ya ƙara wuya. Amma ƙona littafi bai hana rubutu ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba, wanda ya fito a 1990, shi ne aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Saboda haka Malam, shawararmu ita ce kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka ji ba. In nauyi ya hana ka zama da ita, ka sa mahaifiyarta ko gwaggonta ko wata malamar makarantarsu ta karanta. A duba abu uku. Na ɗaya, da wa ake dariya? In da maƙaryaci ne da marowaci da mai girman kai, madalla. In da makaho ne ko gurgu ko wata ƙabila don wulaƙanci, a gyara mata. Na biyu, akwai abin da ba za a iya karantawa a gaban manya ba? In akwai, a cire. Na uku, ta ɗauko sirrin wani gida na unguwarku yadda za a gane su? In haka ne ta sauya, don wannan yana iya raba zumunci. In ta tsallake waɗannan, ka saya mata biro da wani littafin, da sharaɗin kada ya taɓa karatunta da aikin gida. In ka ƙona, mai yiwuwa ta ci gaba a waya, inda ba ka gani.

Kai kuma mutumin Dawanau, ka sa ɗan ƙaramin littafi a aljihu. Abin da za ka ji tsakanin dillali da mai kaya daga safe zuwa azahar ya ishe ka babi guda. Ka rubuta shafi ɗaya kullum bayan an tashi kasuwa, ka san katangarka da ƙarshenka kafin ka yi nisa, kuma kada ka yi saurin kai wa maɗaba'a sai ka karanta wa jama'a ka soke abin sokewa.

A nan za mu dasa aya. Masu tambaya a kan maganin ƙwarin da ke cin wake a rumbu, mun ga wasiƙunku, kuma su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi, a riƙa rubuta sunan gari da kyau. Mu kwana lafiya.